Ranar Da Aka Danne Motar Baba

Sallama gare ku masu bibiyata. Tun kafin in fara, bari in faɗa wa waɗanda suka cika min waya da "ki yi haƙuri, Mikail mutumin kirki ne" cewa na gani, kuma ban yi haƙurin ba. Ku bari in ba ku labarin abin da ya faru yau Laraba, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ga wanda yau ya fara karatu: sunana Zinariya, gidanmu yana Ƙofar Mazugal, saura sati uku a ɗaura min aure da Mikail. Babana, Malam Isyaku, mai gyaran bodin mota ne a Ƙofar Ruwa, shekara talatin da takwas yana miƙe ƙarfen da hatsari ya lanƙwasa. Mikail kuwa injiniya ne a wani ƙaramin kamfani da ke son fito da mota mai amfani da lantarki, 'yar siririya, wadda za ta iya kutsawa lungunan cikin birni ta ɗauko mara lafiya ko mai naƙuda daga bakin ƙofa. Kafin a buga irin wannan mota da yawa, sai an fara ƙera guda ɗaya da hannu a gani. Ita suke kira samfur. Aikin da ya kawo Mikail garejin Baba ke nan, can kuma ya gan ni, domin idon Baba ya daina ganin ƙananan lambobi. Ni da na yi diflomar zanen gini nake karanta masa takardun awo, in riƙe masa tef.

Wata bakwai muka yi a kan motar nan. Wani kafinta ne ya fara haɗa ƙwarangwal na katako daidai girmanta, aka shafe shi da yumɓu, aka yi ta kankara ana ƙarawa har Mikail ya ce layin ya fita. Daga nan Baba ya karɓa. Zai yanko fallen ƙarfe, ya buga, ya ɗora a jikin katakon ya duba, ya sauke ya sake bugawa. Murfin gaba kaɗai sau biyar ya yi shi. Ba ya yarda da ido, tafin hannunsa yake shafawa a hankali, in ya ji tudun da ni ban gani ba sai ya ce, "Nan ta yi ƙarya," ya ɗauko ƙaramar guduma. Mutumin da bai taɓa yin komai ba sai gyaran ɓarnar wasu, ga shi yana fito da sabuwa daga babu. Har tafiyarsa ta canza.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zaurenmu cike da abokansa, Baba ya ce, "Motar nan da nake ƙerawa, ita za ta kai Zinariya ɗakin mijinta." Mikail yana zaune a gefen tabarma. Ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, bai ce uffan ba. Kafin la'asar Gwaggo Luba, ƙanwar Baba da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta kai labarin duk gidan da ke da ƙofa a unguwar. Da aka zo fenti, Baba ya aika aka kawo masa ƙyallen ankon biki, ya haɗa kala daidai da shi, ruwan ganye mai duhu.

Yanzu ga ɓangaren da ban taɓa faɗa muku ba, kuma ba don ina so zan faɗa ba.

Sati shida da suka wuce, Mikail ya tafi Legas neman batura. Gwaggo ta biyo ni gareji wai za ta ga motar amarya. Ta sa sabuwar atamfarta da ɗaurin nan nata mai hawa biyu, ta buɗe ƙofar baya za ta shiga. Ƙafa ta shiga, kafaɗa ta ƙi. Ɗankwali ya maƙale a sama, zani ya nemi kwancewa, sai da na tura ta ta baya.

"Yaya, wannan ƙofa ce ko taga?" in ji ta, tana haki. "Amarya da lulluɓi, da ni, da uwar ɗakinta, ta ina za mu bi? So kake a yi mana dariya a ƙofar gidan surukai?"

Baba ya tsaya yana kallon ƙofar. Tsakanin ƙofar gaba da ta baya akwai wani ƙarfe a tsaye, shi ke ɗauke da rufi, ginshiƙi muke ce masa. Baba ya ɗora yatsu huɗu a kansa ya dube ni. Na gane. Ni na kawo tef, ni na auna, ni na ɗauko takardar Mikail na ja layi da jan biro na rubuta milimita saba'in a gefe. Baba ya rage faɗin ginshiƙin, ya yi walda, ya shafe da fila, ƙullin da ake cike ramin bodi da shi, ya bi da fenti. Ƙofa ta buɗe wangamam, Gwaggo ta shiga ta fita sau uku tana guɗa ƙasa-ƙasa. Ba mu faɗa wa Mikail ba, don mun san amsarsa. Shi duk abin da ba ya cikin kwamfutarsa haramun ne.

Ranar Lahadin da ta wuce ina tsakar gida ina jera kwanukan da aka kawo min gudummawa, wayata ta yi ƙara. Saƙon Mikail ne.

"Zee, ranar Laraba za a zo a ɗauki samfur a kai gwaji. Ki taya ni shirya Baba."

Na rubuta, "Wane irin shiri? Ba zagayawa za a yi da ita ba?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa har na ji haushi ya fara taso min.

"Gara in zo."

Bayan la'asar ya zo, da farar shadda da ƙamshin turarensa, kamar mai kawo albishir. Na sa hijabina mai ruwan toka, wanda ya ce ba ya so, na same shi a zaure. Ko ruwa ban kai masa ba.

"Gwajin rufi ne," ya ce. "Za a ɗora mata farantin ƙarfe a sama, inji ya riƙa danna shi, a ga nauyin da za ta ɗauka in ta kife da mutane a ciki."

"In ta ɗauka sai a sauke?"

"A'a. Ci gaba za a yi har sai ta karye. Ana son a san inda za ta karye."

Na kalle shi. Wallahi a lokacin ji na yi kamar ban taɓa ganin fuskar nan ba.

"Murƙushe ta za ku yi."

"Zee, samfur ba motar hawa ba ce. Don haka ake yin ta. Gara guda ɗaya ta mutu a gabanmu da buhunan yashi a ciki, da a buga ɗari biyar su mutu a titi da mutane."

"Kar ka karanta min littafi, Injiniya. Yaushe ka san za a yi haka?"

"Tun farko yana cikin tsarin aikin."

"Tun farko. Ranar da Baba ya faɗa a gaban mutane cewa ita za ta kai ni, a kan tabarmar nan kake zaune. Bakinka ciwo yake yi?"

"Na ji nauyinsa ne. Na ɗauka gwajin zai kai bayan biki, sai oga ya matso da shi."

"Ka ji nauyinsa, sai ka bar shi ya yi wata bakwai yana shafa abin da za ku taka. Ka bar shi ya haɗa fenti da ankona."

"Sunansa zai shiga tarihin motar. In ta ci gwaji, shi zai ƙera ta biyu da ta uku, kuma daga aikinsa za a ɗauki ma'aunin da za a buga sauran."

"Tashi ka tafi, magariba ta kusa."

Zan faɗa muku gaskiya, rabin faɗan nan tsoro ne. Tun da ya ce rufi, zuciyata ta tafi kan ginshiƙin. Da na buɗe baki na faɗa masa a lokacin, da labarin nan ya canza. Amma na fi jin daɗin zama mai gaskiya ina zazzaga masa, sai na zaɓi hakan.

Ina shiga gida na tarar da Gwaggo a bayan labule, ba ta ko yi kunyar laɓe ba.

"Ke yanzu a kan gwangwani za ki kori miji?" ta ce. "An kawo lefe akwati shida, an buga kati, mai lalle ta sa rana. Mota ce ta ƙare a Kano? Ki rufe min bakin nan naki mai kama da reza, ki kira shi ki ba shi haƙuri."

"Gwaggo, ke ce fa kika bi gida-gida da labarin."

"To sai in sake bi in ce ta lalace. Mace ba ta fara zaman aure da tsiwa. Uwarki ba haka take ba."

Duk sanda Gwaggo ta rasa hujja sai ta tono uwata. Na bar mata tsakar gidan.

Ni na faɗa wa Baba, washegari da safe, yana shan koko a ƙofar ɗakinsa. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye ludayin.

"Kin gaya masa zancen ƙofar?"

"A'a, Baba."

"Bar shi. Waldata ce. Za ta ɗauka."

Yau Laraba Baba ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya ce da shi za a je. Na ce ni ma. Gwaggo ta ce amarya ba ta yawo saura sati uku, na yi kamar da bango take. Wurin wani babban shago ne na kamfanin a bayan gari, rufin kwano, zafi kamar gidan burodi. An ɗaure motar a ƙasa da sarƙoƙi. An cire gilasai, an jera buhunan yashi a kujeru, kowanne da lamba. Kore take sharr, babu tabo ko ɗaya. Ogan su Mikail, Injiniya Shehu, wani dogo mai furfura da tabarau, ya gaisa da Baba hannu biyu, ya sa aka kawo masa kujera. Baba ya ce zai tsaya.

"Abin da muke nema, Malam Isyaku," in ji shi, "rufin ya ɗauki nauyin motar sau uku kafin ya sauko kan fasinja. A lissafinmu zai wuce haka."

Aka kunna inji. Farantin ya sauko a hankali ya zauna a gefen rufin, ɓangaren dama. Mikail yana gaban kwamfuta yana kiran lamba. Ya ce ɗaya, wato nauyin motar sau ɗaya. Babu abin da ya motsa. Na saci kallon Baba, na ga leɓensa yana motsi.

"Ɗaya da kwata."

Wani ɗan sauti ya fito, ƙas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Fenti ya tsage a jikin ginshiƙin.

"Ɗaya da rabi."

Bai kai ga rufe baki ba ginshiƙin ya lanƙwashe ciki gaba ɗaya. Rufin ya zauna a kan kujerar baya. Buhun da ke wurin ya fashe, yashi ya riƙa zuba ta ƙofar da muka faɗaɗa yana taruwa a siminti. Aka kashe inji. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar yashin.

Injiniya Shehu ya je ya durƙusa, ya sa makulli ya ɓanɓare filar da ta dare. Layin waldar ya fito fili. Ya auna da ƙaramin tef ɗinsa, ya miƙe.

"Mikail, faɗin nan ba shi ne a zanenka ba. Kai ka ba da izinin a rage?"

Na zuba wa Mikail ido. Ban san me nake so ya ce ba, amma na san ina roƙonsa da idona. Ya kalli ginshiƙin, ya kalli Baba.

"A'a, ranka ya daɗe. Ban ba da izini ba. Yau na fara gani."

"To wa ya taɓa?"

"Ni ne," in ji Baba. "Ƙofar ta yi wa mata ƙunci, na faɗaɗa ta."

Injiniya Shehu ya cire tabarau ya goge. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Malam, da ka faɗa mana ƙofar ta yi ƙunci, da mun gode maka, don irin abin da samfur ke nuna mana ke nan. Sai mu sake lissafi mu ƙara wa ƙarfen kauri. Amma ka yanke ka rufe da fenti. Yanzu wata bakwai sun tafi, ban san ko zanenmu daidai ne ko ba daidai ba, don ba shi muka gwada ba. Ba zan iya ba da samfur na biyu ga hannun da ke ɓoye min abu ba. Ka yi haƙuri."

A gaban ma'aikata goma sha wani abu aka faɗa wa ubana haka. Na buɗe baki, Baba ya ɗaga min hannu ba tare da ya juyo ba. Ya taka zuwa motar, babbar rigarsa tana jan yashi, ya leƙa ta ƙofar baya. Tsakanin rufin da kujerar bai fi tsawon hannu ba. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, wurin Mikail ya nufa, ya kama hannunsa.

"A nan Zinariya za ta zauna," ya ce. "Allah ya yi maka albarka da ba ka bar ni na sa ta a ciki ba."

Kun ji abin da ya fi ƙona min rai. An kore shi daga aikin da ya fi so a rayuwarsa, yaron da zai aure ni ya tsame hannunsa a gaban jama'a, shi kuma yana sa masa albarka. Na ji na tsani Mikail, na tsani ogan da tabaransa, na tsani Gwaggo da kafaɗunta. Wadda ta riƙe jan biro kuwa tana tsaye cikin hijabi, babu wanda ya kalle ta.

A adaidaita sahu muka dawo. Daidai Ƙofar Ruwa Baba ya kau da kai daga layin garejinsa, ya ce min a hankali, "Zancen awo ya mutu a nan. In aka ji matar da zai aura ce ta taɓa masa takarda, shi ma aikinsa ya tafi. Ni na tsufa, nawa ya ishe mu. Kin ji ko?"

Da muka shiga gida Gwaggo ta tare mu da tambaya, Baba ya wuce ɗaki ya saki labule. Abincin rana yana nan a rufe har la'asar. Na leƙa na gan shi zaune a bakin gado, bai ko cire rigar ba, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. Gwaggo da ta ji yadda aka yi, cewa ta yi, "To ai shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Ke dai ki kama bakinki a yi bikin nan lafiya." Ko a fuska ba ta nuna ta tuna wa ya maƙale a ƙofar ba.

Wajen ƙarfe biyar saƙon Mikail ya shigo. Hoto ne. Takardar awo, da jan layi, da saba'in ɗina mai ƙugiya a kan bakwai.

"Sun kwaso takardun gareji. Oga ya ga wannan. Ya ce Baba ba ya rubuta milimita, yana son sanin mai rubutun kafin ya rufe rahoto gobe ƙarfe tara. Ya ce in akwai wani mai ilimin awo da ya ba Baba tabbacin lambar, to laifin ba na Baba kaɗai ba ne, zai sake duba maganar."

Kafin in gama karantawa wani ya biyo.

"Kar ki damu. Na ce masa ban san rubutun ba."

Na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ba ka san rubutun ba," na ce. "Wata bakwai ina rubuta maka awo. Wasiƙar da na sa maka a aljihu ranar sa rana, da wane hannu na rubuta?"

"Zee, ke nake karewa."

"Ɗazu da aka tambaye ka a gaban Baba, gaskiya ta zo maka da sauri. Yanzu kuma ka iya ƙarya."

"Ɗazu ban san komai ba, abin da na sani na faɗa. Yanzu in na faɗa, ke za a kira, ni kuma a ce na bar budurwata tana wasa da zanen kamfani. Baba da kansa ya kira ni ya ce in yi shiru. Me kike so in yi?"

"Ka ji abin da ogan ya ce. In aka san da ni, zai sake duba maganar Baba."

"Cewa ya yi zai duba, bai ce zai mayar da shi ba. Za mu iya rasa duka biyun. Saura sati uku, Zinariya. Da wane aikin zan riƙe ki?"

Na kashe wayar. Akwatunan lefe suna jere a gabana har kusan rufin ɗaki, tela ya aiko da rigar kamu tana rataye a ƙusa cikin leda. Ta tagar ina jin Gwaggo tana waya da mai abinci, suna gardama a kan yawan kaji. Kowa a gidan nan ya samu abin da zai yi da shiruna. Baba zai rasa guduma da suna, a Ƙofar Ruwa za a riƙa nuna shi ana cewa shi ne ya ɓata motar kamfani, ni kuma in shiga motar haya da lalle a hannu in tafi gidan mutumin da ya san komai, mu zauna muna kallon juna.

Na san Baba ya hana ni. Ban taɓa tsallake maganarsa ba tun da aka haife ni, amma na ɗauko wayar. Masu cewa in yi haƙuri, ga abin da na rubuta masa, sai ku ƙara da shi a cikin laifuffukana:

"Gobe ƙarfe tara ina ofishin Injiniya Shehu da jan birona. In ka ga dama ka zo ka sake cewa ba ka san ni ba."

Alamar ta nuna ya karanta. Har aka kira magariba bai rubuto komai ba. Na tashi na ciro hijabin da zan sa, na goge shi, na rataye a kan rigar kamun.